Me Ya Sa Finafinai Masu Zaman Kansu Suke Kai Batun Jinsi Filin Ƙwallon Ƙauye?

Tambayar da aka aiko ita ce: me ya sa masu shirya finafinai masu zaman kansu, idan za su taɓa batun balaga da sha'awa da jinsi a tsakanin matasa, suke yawan kai labarin filin ƙwallon ƙafa na wani ƙauye, kuma ta wace hanya ake yin irin wannan fim ba tare da an cutar da yaran da suka fito a cikinsa ba? Tambaya ce mai rassa biyu, amma a ganina tushensu ɗaya ne. Abin da ya sa ƙauye ya dace da wannan labari shi ne kowa ya san kowa, babu inda yaro zai ɓuya da sirrinsa, kuma wannan dalili ne dai ya sa yin fim ɗin yake da haɗari ga yaran da aka ɗauka, domin bayan an naɗe kyamara an tafi, su suna nan a cikin mutanen da suka san su.

Fim mai zaman kansa shi ne wanda aka yi ba da kuɗin manyan kamfanonin finafinai ba, don haka ba a ƙarƙashin ikonsu ba. Kuɗinsa yakan fito daga aljihun furodusa, ko daga hukumomin al'adu na ƙasashe, ko daga asusun tallafi irin su Hubert Bals na bikin finafinan Rotterdam da World Cinema Fund da bikin Berlin ya kafa a 2004, ko kuma daga karo-karon jama'a ta intanet. Babban kamfani da ya zuba miliyoyi yana so fim ɗinsa ya shiga kowace kasuwa, saboda haka yana gudun duk batun da zai sa wata ƙasa ta hana nuna shi ko masu talla su janye. Mai ƙaramin jari ba shi da wannan nauyi, kuma ƙarancin kuɗin ma yana tura shi karkara, inda fili ɗaya da gidaje kaɗan da hasken rana suka ishe shi, ba sai ya yi hayar filin wasa mai cin dubban mutane ya cika shi da 'yan kallo ba.

Amma kuɗi bai isa ya bayyana komai ba, dole a dubi ƙwallon kanta. Tsakanin shekara 14 zuwa 17 abubuwa biyu suke haɗuwa a kan yaro ɗan ƙwallo a lokaci guda. Na farko shi ne balaga, da duk abin da take kawowa na canjin jiki da murya da tunani. Na biyu shi ne lokacin tantancewa, domin a waɗannan shekaru ne masu farautar 'yan wasa da makarantun horarwa suke yanke hukuncin wanda za su riƙe da wanda za su sallama, kuma waɗanda ake sallama sun fi yawa nesa ba kusa ba. Yaron da yake ganin ƙwallo ce kaɗai hanyarsa ta fita daga talauci ko daga ƙauyensu yana tsoron duk wata magana da za ta ɓata masa suna a wurin koci. Ga shi kuma ƙungiyar ƙwallo wuri ne na kusanci ƙwarai: a yi tafiya a mota ɗaya, a canza kaya a ɗaki ɗaya, a rungumi juna idan an ci ƙwallo, a yi kuka tare idan an sha kashi. A daidai wannan wuri ne kuma zagin da ya fi yawo a bakin yara shi ne a ce wa wanda ya nuna rauni mace ne, ko a jefe shi da kalmar luwaɗi. Marubucin fim ba ya buƙatar ƙirƙiro rikici a irin wannan yanayi, ya tarar da shi a shimfiɗe.

Ƙauye kuwa yana ninka wannan matsi. Matashin birni da ya samu matsala da ƙungiyarsa zai iya komawa wata a wata unguwa, inda ba wanda ya san mahaifinsa. A ƙauye sau da yawa ƙungiya ɗaya ce tak, kocin ma wataƙila malamin makarantarsu ne ko maƙwabcinsu ko abokin mahaifinsa, alƙalin wasa ɗan uwan wani ne, masu tsayawa a bakin fili kuma su ne mutanen da zai gaisar gobe da safe. Barin ƙungiyar kamar barin garin ne. Maganar da aka yi a ɗakin canza kaya da yamma tana iya isa kunnen mahaifiyarsa kafin ya kai gida, kuma ba lallai ne maganar ta zama gaskiya ba kafin ta yi ɓarna, zargi kaɗai ya isa. Wannan ne ya sa nake ganin mafi kyawun finafinan da aka yi a wannan fanni labarin shiru da sa ido suke bayarwa fiye da labarin soyayya: wa ya sani, wa yake zato, wa ya gani ya kau da kai. Dole kuma a yi wa ƙauye adalci, domin sanin junan da yake takura yaro shi ne wani lokaci yake kare shi, tunda yana da wuya mutane su yi watsi da wanda suka ga tasowarsa tun yana rarrafe. Daraktan birni da ya zo da tunanin cewa mutanen karkara duk jahilai ne masu mugunta yakan fito da fim maras zurfi, kuma mutanen da ya yi fim ɗin a kansu sukan gane rainin tun daga fitowar farko.

Tarihin ƙwallon maza shi ma ya bai wa masu fim abin dogaro. Justin Fashanu, wanda ya tashi a hannun iyayen riƙo a wani ƙauye na yankin Norfolk a Ingila, shi ne ɗan ƙwallo baƙar fata na farko da aka saya a kan fam miliyan ɗaya, lokacin da ya koma Nottingham Forest daga Norwich a 1981. A 1990 ya bayyana a jarida cewa yana sha'awar jinsinsa, kuma a 1998 ya kashe kansa a Landan, a lokacin da ake zarginsa da wani laifi a Amurka wanda ya musanta. Daga wannan bayani nasa na 1990 sai da aka shafe shekara 32 kafin wani ƙwararren ɗan wasa namiji da yake kan taka leda a Birtaniya ya sake fitowa ya faɗi irin wannan magana, wato Jake Daniels na Blackpool, a watan Mayun 2022, yana da shekara 17. Thomas Hitzlsperger, wanda ya buga wa Jamus wasa kuma ya tashi a gona a yankin Bavaria, bai yi magana ba sai a watan Janairun 2014, bayan ya yi ritaya. Ko da wane irin ra'ayi mutum yake da shi a kan wannan al'amari, kuma an san addinai da al'adu da dokokin ƙasashe sun sha bamban ƙwarai a kansa, tsawon wannan shiru a wasan da miliyoyin maza suke bugawa abu ne da dole ya ja hankalin mai ba da labari.

Misalai biyu sun isa. Viharsarok, fim ɗin ƙasar Hungary da Ádám Császi ya ba da umarninsa, wanda aka nuna a bikin Berlin a 2014, labarin matashin ɗan ƙwallo ne da ya baro ƙungiyarsa a Jamus ya koma ƙauye a ƙasarsu, inda mutane suka juya masa baya. Mario kuma, na Marcel Gisler ɗan Switzerland, wanda ya fito a 2018, ya bi matasa biyu a ƙungiyar masu tasowa ta Young Boys ta birnin Bern, ya nuna yadda wakilan 'yan wasa da shugabannin kulob suke kallon lamarin ta fuskar daraja a kasuwa. Ƙorafina a kan wannan rukuni na finafinai shi ne sun cika ƙarewa da mutuwa ko da gudu zuwa birni, kamar dai babu wata makoma ta uku, alhali abin da ya fi faruwa a zahiri shi ne mutum ya zauna a garinsu shekara da shekaru, ana zaman haƙuri da kawaici, kowa yana riƙe da abin da ya sani a cikinsa. Wannan ya fi wuyar rubutawa, shi ya sa ake gudunsa.

Kuskure ne kuma a taƙaita batun ga sha'awar jinsi ɗaya kaɗai. Yarinya mai buga ƙwallo a ƙauye tana fuskantar nata nau'in zargi, ko da babu komai a zuciyarta sai son wasan: a ce ta zama namiji, a ce ba za ta auru ba, a laƙaba mata sunan da ba nata ba. Wannan tsohuwar magana ce, domin hukumar ƙwallon Ingila ta hana mata wasa a filayen ƙungiyoyinta daga 1921 har zuwa 1971, Brazil kuma ta haramta musu da doka daga 1941 zuwa 1979, dukkansu bisa hujjar cewa wasan bai dace da jikin mace ba. Akwai kuma labarin cikin da ya zo ba shiri ya katse wa yarinya wasa da karatu, da na yaron da yake ƙaryar abin da bai taɓa yi ba don kada abokai su raina shi, da na iyayen da kunya ta hana su yi wa 'ya'yansu bayanin balaga har suka koya daga waya.

Akwai wani abu guda da nake so mai tambaya ya raba shi da sauran da kyau, shi ne cin zarafin yara da manya suke yi a cikin ƙwallo. Wannan laifi ne na babba mai iko a kan yaro, kuma fim ɗin da ya cakuɗa shi da tambayar da matashi yake yi wa kansa game da zuciyarsa ya zalunci ɓangarorin biyu. A watan Nuwamban 2016 tsohon ɗan wasa Andy Woodward ya bayyana abin da kocin matasa Barry Bennell ya yi masa yana yaro, daga nan ɗaruruwan mutane suka fito da nasu labarai, kotu ta yanke wa Bennell ɗaurin kimanin shekara 30 a 2018, rahoton binciken da lauya Clive Sheldon ya jagoranta na 2021 kuma ya samu hukumar ƙwallon Ingila da gazawa wajen kare yara. Abin da ya fito fili a waɗannan shari'o'i shi ne masu laifin sun yi amfani da abubuwa biyun da na ambata a baya, wato burin yaro na zama ƙwararre da tsoronsa na kada a jefe shi da mummunan suna idan ya yi magana. FIFA ta fitar da tsarin kare yara mai suna FIFA Guardians a 2019, amma ƙaramar ƙungiyar ƙauye da mutum ɗaya yake riƙe da ita, shi ne koci shi ne direba shi ne ma'aji, ita ce ta fi nisa da duk wani mai sa ido.

Yanzu sai reshe na biyu na tambayar. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, kuma dokokin ƙasashe da dama suna hukunta ɗaukar hoton yaro ta hanyar da ta shafi jima'i, ba tare da la'akari da cewa fim ne ko fasaha ce ko iyaye sun yarda ba. Saboda haka abin da masu hankali a wannan sana'a suke yi shi ne su bai wa waɗanda suka haura 18, masu ƙananan fuska, manyan rawar da ke ɗauke da nauyin labarin, su bar ƙananan yara a fitowar fili da aji da cikin gida. Inda aka ɗauki yaro, ƙasashe irin su Birtaniya suna buƙatar lasisi daga ƙaramar hukuma, da ƙayyadaddun sa'o'in aiki, da mai kula da shi wanda aikinsa kare yaron ne ko da hakan zai ɓata wa darakta rai. A jihar California dokar Coogan, wadda asalinta ya faro daga 1939, ta tilasta a ajiye wa yaro kashi 15 cikin ɗari na kuɗinsa a asusun da ba za a taɓa ba sai ya girma. Daga 2018, lokacin da tashar HBO ta fara tilasta hakan a shirye-shiryenta, an kuma samu ƙwararrun da aikinsu shi ne tsara duk fitowar da ta ƙunshi taɓa jiki, a amince da kowane motsi tun kafin a kunna kyamara. Mai ƙaramin jari yakan ga waɗannan a matsayin kashe kuɗi, amma ni ina ganin wanda ba zai iya biyan mai kula da yara ba bai shirya yin wannan fim ba tukuna.

Abin da kyamara take kallo shi ne ma'auni na gaskiya. Labarin balaga ba ya buƙatar a nuna jikin kowa. Ana iya ba da shi da wurin da yaro ya zaɓa ya zauna a mota, da ƙwallon da aka daina ba shi a fili ko da shi kaɗai ne a gaban raga, da hirar da take yankewa idan ya shigo, da uban da ya daina zuwa kallon wasa bai faɗi dalili ba. Darasi mafi tsada a wannan fage shi ne na Mignonnes, fim ɗin Maïmouna Doucouré 'yar Faransa, wanda ba na ƙwallo ba ne amma ya shafi yara mata 'yan shekara 11 da yadda intanet take koya musu kwaikwayon manya. Fim ɗin ya samu kyautar ba da umarni a bikin Sundance a farkon 2020, kuma manufarsa sukar wannan ɗabi'a ce, amma fostar da Netflix ya fitar ta jawo fushin duniya har kamfanin ya nemi afuwa, ita kuma daraktar aka yi ta yi mata barazana. Mutane da yawa, har da waɗanda suka fahimci manufarta, sun ga cewa wasu fitowar sun nuna ainihin abin da fim ɗin yake suka. Kyakkyawar niyya ba ta bin hoto duk inda ya je, domin daƙiƙa goma da aka yanko daga fim aka watsa a waya ba ta tafiya da bayanin darakta.

Matsalar da ta fi damuna, kuma ba a cika tattauna ta ba, ita ce ta 'yan wasan da ba ƙwararru ba. Masu finafinai masu zaman kansu suna son ɗaukar yaran garin da kansu, domin tafiyarsu da lafazinsu da yadda suke taɓa ƙwallo ba abin da ƙwararre zai iya kwaikwaya ba ne. Al'ada ce mai tarihi, Ken Loach ya yi haka a Kes a 1969 da yaran makaranta na yankin Barnsley, kuma fitowar wasan ƙwallon da ke cikinsa har yau ana ambatonta. Amma idan labarin ya shafi jinsi, lissafin ya canza gaba ɗaya. Ƙwararren ɗan fim da ya zo daga nesa zai taka rawarsa ya koma gida, kowa ya san aiki ne. Yaron ƙauye kuwa mutane ba za su raba shi da rawar da ya taka ba, sunan da aka kira shi da shi a fim zai bi shi makaranta da fili, wataƙila har ranar da zai nemi aure. Sa hannun uba a takarda ba ya warware wannan, musamman idan uban bai karanta labarin ba, ko an faɗa masa cewa fim ɗin ƙwallo ne kawai, ko kuɗin da aka ba shi ya fi ƙarfin ya ce a'a. Yardar da ta inganta ita ce wadda aka karanta wa iyaye da yaron labarin duka a harshensu, aka gaya musu inda za a nuna shi da cewa zai iya yawo a intanet har abada, aka kuma ba yaron damar janyewa a tsakiyar aiki ba tare da an ci shi tara ba. Shawarar da nake bayarwa ita ce a ɗauko manyan 'yan wasa daga wani yanki, a canza sunan garin da na ƙungiyar da launin rigarta, a bar yaran gari a matsayin abokan wasa da 'yan kallo.

Game da ɗaukar wasan kansa ba zan tsawaita ba. Ya fi sauƙi a koya wa ɗan ƙwallo fitowa a fim da a koya wa ɗan fim ƙwallo, domin mai kallo yana gane wanda bai iya ba daga taɓawar farko. Ana tsara kowane hari kamar rawa, a maimaita shi sau da yawa, a ɗauke shi guntu-guntu, kuma tunda rana ba ta jiran kowa, wasan da zai ci minti uku a fim yana iya cin kwanaki ana ɗauka a lokaci ɗaya na yini don inuwa ta daidaita. Daraktan da ya san aikinsa yakan bar ƙwallon ta fita daga hoto ya tsaya a kan fuskar wanda ke benci.

Saura inda za a nuna shi, kuma wannan abu ne da ake yanke shawararsa tun kafin a rubuta layin farko, saboda doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Bikin Berlin yana da sashen Generation na finafinan yara da matasa, yana kuma ba da kyautar Teddy tun 1987 ga finafinan da suka shafi wannan batu. A gefe guda, hukumar tace finafinai ta Kenya ta haramta Rafiki na Wanuri Kahiu a 2018, a shekarar da aka nuna shi a bikin Cannes, sai da kotu ta ɗage haramcin na kwana bakwai kacal a watan Satumba. Rasha tun 2013, Hungary kuma tun 2021, sun yi dokokin da suka taƙaita nuna wa 'yan ƙasa da 18 irin wannan batu, kuma akwai ƙasashe da dama da ake ɗaure mutum a kan mu'amalar jinsi ɗaya ita kanta, wanda hakan yake jefa 'yan wasa da ma'aikatan fim na cikin gida cikin haɗarin da daraktan da ke zaune a waje ba zai ɗanɗana ba. Sakamakon haka shi ne fim ɗin da aka yi a kan ƙauye yakan zagaya bukukuwan manyan birane ya karɓi tafi, mutanen da aka yi shi a kansu kuma ba su gan shi ba sai a guntayen da wani ya turo musu a waya, waɗanda galibi su ne mafi tayar da hankali a cikinsa.

Don haka furodusan da yake son kare yaransa zai sa sharaɗi a yarjejeniyarsa da mai rarraba fim cewa ba za a fitar da fosta ko tallar fim ko wani yanki nasa ba sai da amincewarsa, kuma ba za a sa fuskar wanda bai kai 18 ba a talla. Zai nuna wa yaran da iyayensu fim ɗin a keɓe kafin kowa ya gani, a lokacin da har yanzu ana iya cire fitowar da suka ƙi. Zai kuma ware kuɗi a kasafinsa na wani babba amintacce da yaran za su iya kira bayan fim ɗin ya fita, na tsawon shekara ɗaya aƙalla, domin tsangwama ba ta farawa lokacin ɗauka, tana farawa ne a makon da abokan ajinsu suka kalla.